Akumarin Inna a Sanyuanli

Bari in sauƙaƙa wa mai karatu aiki tun daga farko: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Kada ya wahalar da kansa yana nemansa cikin 'yan Caina ko abokina mutumin Maraɗi, duk sun fita da hankalinsu. Ni ne na shiga da furfura, da shekara ashirin da wani abu ina safarar tufafi tsakanin Guangzhou da kasuwar Kwari ta Kano, na fito kamar wanda bai taɓa riƙe allura ba. Bokona a aji huɗu ya tsaya, kuma ba shi ya gaji da ni ba, ni na tsere masa. Saboda haka in an ga harafi ya karkace, a taimaka a miƙe shi.

Inna, mahaifiyarmu, tana da wani fatari da babu irinsa a unguwarmu. Yaran yanzu ba su san fatari ba. Shi ne abin da mata ke ɗaurawa daga ciki kafin su ɗora zane. Na sauran mata falle ɗaya ne, marar nauyi, wasu da 'yar tattara a ƙasa. Na Inna kuwa falle biyu ne na baƙin saƙi, an cusa audugar rimi a tsakani, an bi shi da ɗinki a tsaye da a kwance har ya zama gida-gida kamar ramukan dara. Mahaifinta maɗinkin akumari ne, a gabansa ta koyi riƙe basilla, kuma tun wankan jegonta na fari sanyi ya kama mata ƙugu bai sake ta ba. Sai ta yi wa kanta abin da ubanta ke yi wa jakuna. Mu yara muka raɗa masa akumarin Inna, a bayan idonta. In tana tafiya a tsakar gida yana da wata ƙara tasa, ba ta zane ba, ba ta tabarma ba, wani shuu, shuu mai nauyi. Da ita muke sanin ta taso tun ba ta ɓullo ba, kowa ya yi maza ya ajiye abin da ya ɗauka.

Ranar da ta rasu ba na gari. Ina Kwatano ina jiran jirgin ruwa ya sauke mini diloli. Na ce gobe, na ce jibi, na iso an yi sadakar bakwai an watse. A rabon kaya fatarin ya faɗa hannun Yaya, babbarmu, wadda ta goye ni. Ba wanda ya yi mata jayayya, don ba wanda ya so shi.

Shekaru suka wuce da yawa. Wata rana da kaka, ana saura kwana biyu in tashi, na biya gidan Yaya na yi mata irin gaisuwar da na saba, wadda ba a cire takalmi. A kan igiya na gan shi an shanya. Idon ɗa ya kamata ya fara ganinsa, amma idon ɗan kasuwa ya riga. Na tuna tsofaffin Jos da na Funtuwa da na Damagaram, duk masu ciwon ƙugu, duk da 'ya'yan da ke neman abin da za su saya musu.

Na ce, "Yaya, ara mini akumarin nan."

Ta ce, "Jakinka ne ke jin sanyi?"

"Samfur zan kai Caina. A buga mini dubu irinsa, kowace tsohuwa ta samu, ke kuma a ce a gidanku aka fara."

Lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, in tana magana da mutum kafaɗarsa take kallo. Ta daɗe tana kallon kafaɗata.

"Auta," ta ce, don har yau haka take kirana, ko a gaban jikokina, "kai komai ka gani dila kake gani."

Na yi ta magiya, na haɗa da barkwanci, na tuna mata goyon da ta yi mini kamar ni na yi mata. Daga ƙarshe ta sa aka sauko da shi, ta ninke da kanta, amma ba ta sake shi ba sai da ta faɗi sharuɗɗa uku. Kada a wanke shi. Kada a farke shi. Kuma kafin sanyi ya shigo in kawo mata shi da hannuna, don ƙugunta ya fara irin na Inna. Na ce an gama. Har rantsuwa na ƙara mata, wadda ba ta nema ba.

To, duk wanda ya taɓa kai samfur Caina ya san ba kallonsa ake yi ba, fiɗa ake yi masa. A warware kowane ɗinki, a shimfiɗa shi a kan takarda, a zana, a auna abin da ke ciki. Na sa an yi wa kaftani haka, an yi wa hula, an yi wa jakar mata da na saya da tsada don a yanka ta kawai. Babu wanda zai koya mini wannan. Sharaɗin Yaya na biyu dai ya faɗi a hanya, ina zargin a Adis Ababa, inda muka canja jirgi.

Na sauka a Guangzhou, a masaukin da na saba a unguwar Sanyuanli, mai ɗaki kamar akwatin ashana, washegari na kai wa loban ɗina, mai shagon da muka daɗe muna aiki tare. Ya juya fatarin, ya matsa shi, ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya ce, "Meyo," wato babu. Ba shi da keken da zai yi wannan. Amma akwai wata ma'aikata ta ɗan'uwansa can cikin lungunan Baiyun, inda ake ɗinka rigunan sanyi masu auduga da tufafin mutanen da don masu shirya fim.

Na ɗauki abokina mutumin Maraɗi, dattijo kamata, mai sayen butoci da fitilu, wanda ya daɗe a garin har yana jin yarensu. In yana yi sai ka ce faɗa yake da murfin tukunya, amma suna gane shi. A tasi ya leƙa ledar ya ce, "Alhaji, yanzu Kanawa kun gama da shadda kun koma kayan jakuna?"

Na ce, "Ku muke wa tanadi."

Ma'aikatar tana hawa na huɗu. Shugabar masu yanka wata 'yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, da tabarau rataye da igiya, kowa yana ce mata ayi, wato gwaggo. Da hannu biyu ta karɓi fatarin. Ta shafa layukan ɗinkin da babban yatsa, ta kai shi hanci, sannan ta yi doguwar magana. Mutumin Maraɗi ya ce tana cewa kakarta, can arewacin ƙasarsu inda ƙanƙara ke zuba, irin wannan take sawa ƙarƙashin doguwar riga. Ta ja mu ta nuna mana wasu a rataye: wani ja na siliki irin na matansu na da, wani kuma fari mai sheƙi, an zana furanni da ɗinkin kansa, ta ce irin na matan Turawa ne na zamanin kakannin kakanni, har sukan bar gaban riga a buɗe don a gani. Na ce ya gaya mata namu mai kunya ne, bai taɓa ganin rana ba sai ranar shanya.

Ta tambaya wa ya ɗinka. Na ce mahaifiyata. Ta sake tambayar wani abu a hankali. Daidai nan wayata ta yi ƙara, ejen ɗina ne na tashar jirgin ruwa ta Huangpu, wai kwantenar leshina ba za ta samu jirgin wannan mako ba. Ina ta masifa a waya, mutumin Maraɗi ya taɓa ni.

"Alhaji, ta ce ka tabbata a buɗe shi?"

Na kaɗa hannu ban ko juyo ba. "Ta yi yadda ake yi."

Kalmomi biyar ke nan. Na sha ƙirga su.

Washegari bayan azahar aka kira mu mu zo. Ana ruwa irin na garin, wanda ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Da muka hau, kekuna suna ta aiki ko'ina ban da kusurwar ayi. Tun ban ƙarasa teburin ba warin ya tare ni: hayaƙin kara, man shanu, turaren kajiji. Ɗakin Inna sak, a hawa na huɗu, a Guangzhou. Fatarin yana shimfiɗe a buɗe kamar fatar akuya, audugar ta yi launin toka an tara ta gefe. A kan wata farar takarda kuma ta jera abubuwa biyar da ta tarar a cikin gidajen ɗinkin, duk a ɓangaren da ke kan mara.

Na farko 'yar hula ce ta saƙa, ko dunƙulen hannuna ba za ta shiga ba. Na biyu hannun wata 'yar taguwa. Na uku tsagin majanyi. Na huɗu wuyan riga mai zariya, zaren har yanzu a ƙulle. Na san Inna ta binne 'ya'ya huɗu tsakanin Yaya da ni. A matsayin lissafi na san su, kamar yadda na san kwanakin wata. Sunayen biyu ma ban riƙe ba.

Na biyar aljihun kaki ne, da tabon shuɗiyar tawada a ƙasansa, da ƙunar dutsen guga na gawayi a kusurwa. Ni na yi tabon, ni na yi ƙunar. Aljihun rigata ce ta makaranta, wadda na bari a kan igiya da safen da na bi motar albasa zuwa Ikko, ina da shekara goma sha huɗu, ban yi wa kowa sallama ba.

Bakina ne ya fara farfaɗowa, kamar kullum. Na ce wa mutumin Maraɗi, "Ka ga takardar digirina, ashe nan aka ajiye."

Mutum ne da ko a wurin gaisuwar mutuwa sai an harare shi, amma bai yi dariya ba. Ya ce, "Bari, Alhaji. Tana magana."

Ayi ta ɗaga fallen ciki ta saita shi da taga. Ta nuna gidaje huɗu: sau ɗaya aka ɗinke su, zare iri ɗaya, ba a sake taɓawa ba. Sannan ta nuna na biyar. Haske na ratsa shi kamar rariya. Ramukan allura a kan ramukan allura, ga guntayen zare kala uku da suka maƙale. An buɗe an rufe, an buɗe an rufe. Ɗinkin ƙarshe, wanda ita ta warware da safen nan, manya-manya ne, a karkace, irin na wanda ido ya fara gaza masa, kuma an ruɓanya shi. Ta ce a tambaye ni, me ya sa wannan ɗaya ke shiga yana fita.

Na ce ban sani ba. Amma ina faɗa ina ƙirgawa. Bayan shekara tara na fara dawowa gida, na yi kwana huɗu. Na dawo ɗaurin aurena. Na dawo rasuwar Baba. Sau uku ke nan na kwana a gidan nan tun tafiyata har ta bar duniya. Kuma sai ga wani abu ya taso mini wanda ban san na ajiye ba. Ranar dawowata ta farko, da la'asar, na fito daga wanka na gan ta zaune a ƙofar ɗaki, fatarin a cinya, reza a hannu. Na ce, Inna me ake yi? Ta ce ƙuma take nema.

Na ce a bar maganar dubu. Na roƙi ayi ta mayar da shi yadda yake. Ta ce ba za ta sa masa keke ba, da hannu za ta bi tsofaffin ramukan, kwana biyar. Na ce sheshe, wato na gode, na ƙara sheshe. Ta juya neman zare, ni kuma na miƙa hannu na ɗauke aljihun na zura a aljihuna.

Ina da hujja, kuma a lokacin na ga ta yi kyau ƙwarai. Mai rai ba ya kwana ɗaki ɗaya da matattu. Ga ni da hawan jini, ga tafiyar jirgi, ba lokacin wasa da irin wannan ba ne. Ni na yi tambayar, ni na ba da fatawar, ni na ce Allah ya saka wa malam.

Ayi ta juyo ta dubi takardar, ta ga huɗu. Ba ta dube ni ba. Ta faɗi wani abu gajere tana zura zare.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce za ta cika wurin da auduga. Ido ba zai gane ba." Ya ƙara da cewa, "Ta ce amma hannu zai gane."

A kwanaki biyar ɗin nan na fara jin ƙarar. Ba a mafarki ba, ni ba na mafarki, da na kwanta sai asuba. Da rana tsaka. Ina saukowa matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa, cikin dubban takalma, sai in ji shuu, shuu a bayana, ba ta sauri, ba ta tsayawa. In juya, wani ne ke jan buhu. A kasuwar tufafi kuwa kowa jan buhu yake a kan tayil, na san haka, shekara ashirin ina ji bai taɓa kama da komai ba. Ranar Juma'a muna fitowa daga masallaci na ji ta gab da kafaɗata ta hagu. Wata rana ina shagon takalma, na ɗauki wani samfur ina juyawa, na ji ta taso daga ƙarshen layi. Ban san lokacin da na dire takalmin na mayar da hannuwana baya ba. Mai shagon ya ɗauka farashin ne ya tsorata ni, ya fara ragewa.

Aljihun kuma na rasa inda zan sa shi. Na sa a jaka, kayana duka suka ɗauki warin kajiji. Na sa cikin fasfo, na ga bai dace ba. Na tsaya da shi gaban kwandon shara na masauki, na daɗe, har mai shara ta zo ta tsaya tana jirana, na ce mata nihau, wato sannu, na wuce. Na mayar da shi aljihun gaba na kaftanina, inda yake har yanzu da nake rubutun nan.

Rana ta biyar na karɓo fatarin. Wallahi ko Inna sai ta duba sau biyu. Na ɗaga shi, nauyinsa na nan, warinsa na nan. Saura sharaɗi na uku.

Kwantenata kuwa tana Huangpu ba ta motsa ba. Ejen ya ce gobe. Na ce wa kaina jibi. Aka fara aiko mini daga gida cewa sanyi ya fara leƙowa da safe. Na duba tikiti, na duba kwantena, na yi lissafi irin wanda na yi a Kwatano, ya kuma ba ni amsa iri ɗaya. Na naɗe fatarin cikin leda uku na kai wa masu kago na jirgin sama a Baiyun. Ma'aikacin ya ce me zai rubuta a takarda. Na ce ya rubuta tsohon zane.

A hanyar dawowa mutumin Maraɗi ya ce, "Ba da hannunka aka ce ba?"

Na ce, "Da hannuna na miƙa musu."

Cikin sharuɗɗa uku na cika ɗaya, ban bari an wanke ba. Ko a aji huɗu wannan faɗuwa ce.

Bayan kwana tara, da la'asar, muna zaune da shi a shagon taliya na Musulmin Caina, wayata ta yi ƙara. 'Yar Yaya ce ta kira, ta gaishe ni a gurguje ta miƙa mata. Can hantsi ne, ina jin kaji.

"Auta."

"Yaya, ina kwana? Ya sanyi? Saƙo ya iso?"

"Ya iso. Shi ya san hanya."

Na yi 'yar dariya, ni kaɗai.

Ta ce, "Wa ya ɗinke shi?"

Na so in ce ba a taɓa shi ba, na ga babu amfani. Na ce wata tsohuwa ce, da hannu, kwana biyar, ta bi ramukan Inna ɗaya bayan ɗaya.

"Hannunta da kyau. Ka gaishe ta."

 Sai na ji ƙarar nan ta wayar, daga Kano: shuu, shuu. Tana juya shi a cinya. Sannan ta fara kiran sunaye a hankali, ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa tsakani kamar mai laluben tsabar tasbaha. Huɗu, har da biyun da na manta. Na ajiye tsinken cin taliyar.

Ta ce, "Nan auduga ce zalla."

"Yaya, ai shi ne nake so in yi miki bayani. Na tambayi malamai." Ban tambayi kowa ba. "Sun ce bai kamata a haɗa mai rai da waɗanda suka riga mu ba. Ni kuwa ga ni nan garau, taliya ma nake ci, ga mutumin Maraɗi nan ya shaida. Haba Yaya, a ce ƙato kamata, da jikoki, ana kwantar da shi cikin jarirai?"

Ta bar ni na kai ƙarshe, har na ƙara da wata dariyar.

Ta ce, "Inna ba ta cire aljihun nan sai ta ga takalminka a ƙofar ɗaki. Su huɗun nan na san inda suke kwance, ko yanzu na aika za a same su. Kai a ina za a same ka?"